Agogon da Auta Ta Raɗa wa Suna

Ranar da aka fito da sabon agogon zuwa kasuwa, tun da sassafe ina ɗakin yankar tikiti, agogon yana ɗaure a hannuna, na ja hannun riga na rufe shi. 'Yata Auta ce ta aiko min da shi a farkon makon cikin wani ɗan farin kwali, ta ce kada in nuna wa kowa sai kamfaninsu ya yi sanarwa. Na ɓoye shi kamar kayan sata. Ko alwala zan yi sai na juya wa mutane baya.

A tashar mota nake aiki. Ina zaune a bayan taga mai sandunan ƙarfe, ina yankar tikiti, ina karɓar sunan fasinja da lambar wani nasa. Idan mota ta tashi ba ta isa ba, ni ake miƙa wa wayar ofis in kira lambobin nan. Na yi irin wannan kiran fiye da yadda nake so in tuna. Shi ya sa a gidana akwai doka guda ɗaya tak: duk wanda ya fita, idan ya kai inda za shi, ya kira ni ya ce ya iso.

Yayyen Auta sun bi dokar har suka yi aure, sannan suka mai da ita rubutaccen saƙo, daga baya saƙon ma ya koma hoton babban yatsa. Auta ce kaɗai ta riƙe kiran. Tun da ta sami aiki a wani gari ta koma gidan ƙanwar mamanta da zama, kullum da yamma idan ta dawo daga ofis wayata za ta yi ƙara.

"Baba, na iso."

Daga nan sai ta ba ni labarin cunkoson hanya, ko ta tambaye ni gwiwata. Kiran ba ya daɗewa. Amma duk yinin da nake yi a bayan tagar nan shi nake jira, ban kuma taɓa gaya wa kowa haka ba.

A sashen talla take, a kamfanin da ya ƙera agogon. Irin agogon nan ne da ake haɗa shi da waya, yana auna bugun zuciya da tafiyar da mutum ya yi. Amma abin da suke taƙama da shi daban ne: idan mai shi ya kai gida ko wurin aiki, sai agogon ɗan uwansa ya ɗan yi motsi a hannu, rubutu ya fito. Auta ta haɗa nawa da nata, ni in ga isarta, ita ta ga tawa. Da aka zo neman suna, ita ce ta kawo shawara a taro, aka karɓa. Sunan agogon Na Iso. Ranar da ta gaya min zumbur na miƙe. Na shiga ciki da gudu-gudu na gaya wa mamanta, ita kuwa ta ce "to, madalla," ta ci gaba da ninke kayan wanki.

Wajen hantsi Dogo ya zo ya jingina da tagata. Direban doguwar mota ne, motarsa ba ta cika ba, kuma idan motarsa ba ta cika ba kowa a tashar sai ya ji a jikinsa. Waya na hannunsa yana ƙyaƙyata dariya.

"Mai tikiti, ka ga abin da ake yi da wani sabon agogo kuwa? Wai sunansa Na Iso. Tsaya ka ji. Wani ya ce, 'Agogo ne wannan ko yaron mota?' Wani ya ce, 'Baɗi sai su fito da ƙaninsa, Na Kusa.' Aka ba shi amsa, 'Sai kuma Ina Hanya, na maƙaryata.'"

Ya buga ƙarfen tagar da tafin hannu.

"Ji wata baiwar Allah: 'Mijina ya ce zai saya min. Jama'a ku taya ni addu'a ya manta.' Ga wani ɗan gayu kuma: 'Abu ya yi kyau, amma yaya zan shiga ofis a ce wane agogo ne wannan, in buɗe baki in ce Na Iso? Da sun sa masa sunan Turanci da tuni na yi oda.'"

Na naɗe hannun rigata, na ɗora hannun a kan katakon tagar.

Dogo ya dubi agogon, ya dube ni. "Kai! Ina ka samo?"

"'Yata ce ta raɗa masa sunan."

Ya daina dariya. Ya sosa ƙeya. "Ai sunan ba laifi fa. Yana da sauƙin riƙewa. Ka san mutanen waya, ko ruwan sanyi ka ba su sai sun ce ya cika sanyi."

Na karɓi wayar. Karatuna ba mai sauri ba ne, sai na bi da yatsa. Akwai masu yabo, ba zan ɓoye ba. Wata ta ce ɗanta yana tuƙin babur, za ta saya masa. Amma idona bai zauna a kan nata ba. Can ƙasa wani ya rubuta: "Duk wanda ya kawo wannan sunan a kamfanin, a sallame shi yau, ba sai gobe ba." Mutane da yawa sun danna masa alamar yarda.

Auta ba ta cika shekara a wurin ba.

Ni a tagar nan ina da ɗabi'a. Idan fasinja ya yi ƙorafi, ba na barin shi ya tafi da shi. Ina kiran shi, in yi masa bayani dalla-dalla, me ya sa mota ta makara, me ya sa aka canza masa kujera, har sai ya huce. Manajanmu ya sha yaba min a kan haka. Da na dubi rubuce-rubucen nan, sai na ga layin fasinjoji ne masu ƙorafi, taga kuma ba kowa. Kamfanin ya yi gum. Na ce a raina, ai ba su san asalin sunan ba ne, da sun sani da sun bari.

Na fara rubuta wa na farko amsa da yatsa ɗaya. Kafin in gama layi biyu wasu sababbi sun hau kai.

"A haka sai ka yi ritaya ba ka gama ba," in ji Dogo. "Yi magana kawai in ɗauke ka bidiyo. Sau ɗaya, kowa ya ji."

Na gyara hula, na tsaya a bayan sandunan. Na yi niyyar faɗin kalma kaɗan ne. Amma da na buɗe baki sai abin ya ƙi tsayawa. Na ce ni ne uban yarinyar da ta raɗa sunan. Na faɗi aikina da dokar gidana. Na ba da labarin ranar da aka tafi da 'yan ajinsu yawon buɗe ido tana ƙarama, ta tsaya a gaban malamarsu tana kuka sai an ba ta waya ta gaya wa Baba ta iso. Na zaro hotonta na ranar gama makaranta daga aljihu, na kara shi a gaban wayar. A ƙarshe na ce, "Don Allah, 'ya'yana, ku yi haƙuri da ita. Kada ku sa a kore ta, ba ta daɗe da farawa ba."

Dogo ya ce ya yi kyau. Ya ɗora bidiyon a intanet.

Kafin la'asar abin ya zagaye duniya ya dawo tasharmu. Wasu samari suka zo taga, maimakon su faɗi inda za su, sai suka haɗa baki, "Baba, mun iso!" Wata fasinja ta ce na sa ta kuka, ta tuna da mahaifinta. Mai sayar da ruwa ya ce a ɗauke mu hoto tare. Dogo yana ta karanto min sababbin maganganu: yanzu masu cewa sunan ya yi daɗi sun fi yawa, wasu kuma suna cewa shiri ne, kamfanin ne ya ɗauko tsohon. Na koma gida ina jin na yi wa 'yata aiki.

Na yi wanka, na zauna a kujerata, na ɗora wayar a hannun kujerar inda na saba ajiye ta. Gab da magariba agogon ya motsa a hannuna, kamar ƙwaro ya taɓa ni. Na duba. Ga sunan Auta, ga rubutu a ƙasa: Na iso.

Na jira wayar. Ba ta yi ƙara ba.

Mamanta ta kawo abinci ta ajiye, ba ta koma ba. Ta zauna a bakin gado tana kallona.

"Ta kira ni ɗazu," ta ce.

"An kore ta?"

"Ina! Shugabansu har rawa ya kusa yi, wai ka yi musu tallan da ba su nema ba."

"To alhamdu lillahi."

"Malam, duk wanda ya tashi zuwa banɗaki a ofishin nan, idan ya dawo sai ya tsaya a teburinta ya ce mata ya iso. An buga hotonta na makaranta an manna a jikin firij. Wata da watanni tana aikin nan, ba barci ba hutu. Jiya ita ce wadda ta kawo suna. Yau ita ce yarinyar da babanta ya fito yana roƙa mata."

Na kai hannu ga wayar.

"Ajiye. Ta ce kada ka kira."

"Ni uban nata?"

"Kai ɗin. Ci abincinka."

Ban iya ci ba. Na tsakura na ture.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Da safe idan na shiga tasha, na san agogonta ya gaya mata. Da yamma nawa ya motsa, in duba, in ga ta iso. Ban taɓa samun labarinta a kan lokaci irin na makon nan ba, ban kuma taɓa jin gidan ya yi shiru haka ba. A waya kuwa ba a fasa surutu ba. Masu gwada kaya suka fara fitowa, wani ya ce batirin ba ya jure yini biyu, wani ya ce madaurin yana sa gumi. Maganar suna ta rabu gida biyu, kowane ɓangare yana zagin ɗaya. An sa fuskata a kan hotuna iri-iri, ina riƙe da hoton Auta, an rubuta abin dariya a ƙasa. Na gaji da gani. Na roƙi Dogo ya goge abin.

"Nawa na goge," ya ce, "amma ka san ya riga ya hayayyafa."

Wani mutum daga kamfanin ma ya kira ni, murya mai santsi, yana ta "ranka ya daɗe, Baba." Wai suna so in zo a ɗauke ni talla na sosai, da fitilu da komai, za a aiko min da mota. Na ce masa ya tambayi Auta, abin da ta ce shi ne nawa. Ya ce ai su suna ganin ba sai an dame ta ba. Na ce to ni ma kada a dame ni, akwai layi a gabana.

Ranar hutuna ina tsakar gida ina shafa wa gwiwata magani, mamanta tana shanya. Na ce, "Ni abin da ban gane ba, yarinyar da ta ɗauki maganar gidanmu ta sa wa agogo don ta tuna da ni, yau ita ce ba ta son jin muryata."

Ta matse wani zani, ta yarfa shi, ta shanya. Sannan ta juyo.

"Ta tuna da kai, ƙwarai kuwa. Amma ka taɓa tambayar kanka me ya sa take son agogon da zai faɗa da kansa?"

Na daina shafa maganin.

"Ranar da taro ya riƙe su, ka yi ta kira har sai da ta fita waje a gaban manyanta. Ranar da cajinta ya ƙare, ka tayar da ƙanwata, mijinta ya fita neman Auta cikin ruwan sama, ashe tana shagon mai gyaran takalmi. Idan ta dawo a gajiye, ko jaka ba ta isa ta ajiye ba sai ta kira, don ta san kana nan kana kallon agogon bango. Da bakinta ta gaya min: 'Mama, idan abin nan ya fito, Baba zai huta, ni ma in huta.' Ba ƙin ka take yi ba, Malam. Gajiya ce."

"Me ya sa ba ki gaya min ba tun ranar?"

"Kana murna. Na ce bari ka ɗan yi."

Ta ɗauki bokitinta ta shige. Na zauna da kwalbar magani a hannu, ban ma rufe ta ba.

Washegari a wurin aiki agogon ya nuna ja, caji ya kusa ƙarewa. Dogo ne ya fara lura. Na riga na gaya masa halin da ake ciki, don ya ga na daina amsa wa masu "Baba, mun iso."

"Mai tikiti, ga dabara kyauta. Kada ka sa masa caji. Bar shi ya mutu. Idan yamma ta yi ba ta ga ka isa gida ba, wallahi da kanta za ta kira. Ba kai ka kira ba, ba ka karya doka ba."

"Ka dai ba ni shawara sau ɗaya na ga yadda ta ƙare."

"Waccan kai ka zaro hoto, ni ban ce ka zaro hoto ba."

Aka kira shi, motarsa ta cika. Ya tafi ya bar ni da maganar.

Ba zan yi ƙarya ba, dabarar ta zauna min. Wayar cajin tana cikin aljihun tebur, ba abin da zan yi illa in bar ta a can. Na yi ta yankar tikiti ina satar kallon jan layin yana raguwa. Har na fara shirya abin da zan ce idan ta kira: au, ashe ya mutu, ban lura ba, ya aiki?

Sai wata dattijuwa ta zo taga. Ba tafiya za ta yi ba. Jikanta ya hau motar safe, har yanzu wayarsa ba ta shiga. Tana magana tana murɗa bakin mayafinta. Na kira direban, ya ce lafiya lau, taya ce ta yi faci, sun kusa. Na gaya mata. Ta dafa katakon tagar da hannu biyu, ta daɗe ba ta ɗaga ba.

Na san abin da ke cikin ƙirjinta kafin in yi kiran nan, don kullum da yamma shi ne a nawa. Shi nake shirin aika wa Auta, ta dubi hannunta ta ga ba komai, ta fara lissafin hanya da gwiwata da motocin da ke shiga tasha da baya. Za ta kira, tabbas. Da muryar dattijuwar nan za ta kira.

Soket ɗaya ne a ɗakin. Na zare fanka, na soka cajin, na kwance agogon na ɗora a kai. Na ƙarasa yinin cikin zufa. Da na tashi na ɗaura shi cike, na tafi gida, ya gaya mata na iso. Nata ma ya gaya min. Wayar ba ta yi ƙara ba.

Sai bayan wasu kwanaki, da hantsi, ina tsakiyar yi wa wani mutum bayanin kujerar gaba, wayata ta ɗauki ƙara. Sunan Auta. Ba ta taɓa kira a irin wannan lokacin ba. Na ɗauka da sauri.

"Lafiya? Me ya faru? Kina ina?"

"Baba, ina zaune a kujerata a ofis. Ban je ko'ina ba, ban dawo daga ko'ina ba."

"To me ya faru?"

"Ba komai. Ina kwana?"

Na sauke numfashi. "Lafiya lau, Auta. Ya aiki?"

"Da sauƙi. Sun cire hoton daga firij." Sannan ta ce, "An ce an kira ka talla ka ƙi."

"Na ce su tambaye ki."

"Sun tambaye ni. Na ce a'a."

"Shi ke nan. Sunan fa, za su canza?"

"Wannan dai ya riga ya fita. Na gaba ne ake gardama, wasu na son na Turanci. Ni na gaji, su sa masa duk abin da suka ga dama."

Na buɗe baki in ba ta haƙuri, na fara da bayanin yadda abin ya faru, da abin da wancan mutumin ya rubuta. Ta tare ni.

"Na sani, Baba. Ba fasinja ba ce ni, ba sai ka yi min bayani ba." Na ji kamar tana murmushi, amma ban tabbata ba. "Abu ɗaya zan gaya maka. Ba zan riƙa kira kullum da yamma ba. Agogon zai gaya maka na iso. Ni kuma in kira idan ina da abin faɗa."

"Idan kuma ba ki da abin faɗa?"

"Sai in kira in tambayi gwiwarka. Amma ba kullum ba."

"To."

"To kawai?"

"To me zan ce, Auta?"

Mutumin kujerar gaba ya ƙwanƙwasa ƙarfen taga da makulli. Na ɗaga masa hannu ya jira. Ta tambayi gwiwar, na ce tana nan yadda take. Ta ce in daina hawa matakalar ofis da sauri. Sannan ta ce ana kiran ta, ta kashe.

Da yamma na zauna a kujerata, na ɗora wayar a hannun kujerar, don hannuna ya saba. Gab da magariba agogon ya motsa. Na duba, ta iso. Mamanta ta shigo da abinci, ta ga wayar, ta ɗauke ta ta ɗora a kan kabad, ta ajiye kwanon a gurbinta. Ban hana ta ba. Na wanke hannu na fara ci, kunnena yana kan kabad ɗin.